Shawarma, tsire da waken da ke ɓata gari

Wata mai karatu daga Kano ta tambaya ko kalmar shawarma Larabci ce, tun da a wurin Larabawa aka fi ganinta.

Ta bakin Larabawa muka ji ta, amma su ma aro suka yi. Asalinta kalmar Turkanci ce, çevirme, wato juyawa. Ai kin ga yadda ake jera nama a jikin ƙarfe a tsaye, yana juyawa a gaban wuta, ana yankar gefen da ya gasu. Wannan salon gashi ya bunƙasa a ƙasar Turkiyya a ƙarni na 19, zamanin Daular Usmaniyya. Turkawa na kiransa döner, Girkawa kuma gyros, dukkansu juyawar suke nufi. Turkawan da suka je ci-rani Jamus ne suka yaɗa shi a Balin a shekarun 1970, mutanen Labanan kuma suka kai shi Meziko, inda ya rikiɗe ya zama tacos al pastor. Matafiyi ya kula, wannan na Meziko galibi da naman alade ake yinsa.

Wani kuma daga Damagaram ya ce: shin suya da tsire duk ɗaya ne?

A nan zan ɗan tsaya, don abin yana damuna. A Hausa suya aiki ce, daga soya: suyar nama, suyar ƙosai, suyar gyaɗa. Naman da aka tsira a tsinke, aka barbaɗe da garin ƙuli da yaji, aka kafa a gefen wuta, sunansa tsire, kuma gasa shi ake yi. Wanda aka gasa ba tsinke shi ne balangu, wanda aka shanya fale-fale kafin a nuna masa wuta shi ne kilishi. Maƙwabtanmu na kudu ne suka haɗe tsire da balangu suka kira su suya, mutanen Kamaru suka ce soya, sunan ya zaga duniya a haka. Ba laifi gare su, ba harshensu ba ne. Amma Bahaushe ya tsaya gaban mahauci ya ce a ba shi suya ta ɗari biyar alhali tsire yake so, wannan asara ce, domin ya bar sunaye uku ya riƙe ɗaya, ɗayan ma ba a muhallinsa ba. A Sudan kuwa, inda Hausawa da yawa suka zauna a kan hanyar hajji, ana kiran irin wannan nama agashe. Duk mai jin Hausa ya san "a gashe" ne.

Tambaya ta uku a kan karin magana ce: "wake ɗaya ke ɓata gari", garin mutane ake nufi ko na tuwo?

Na tuwo ne. A rubutu kalmomin iri ɗaya ne, a baki kuwa sai an ja wasalin farko a garin tuwo, na mutane kuma a taƙaice ake faɗinsa. Ƙwayar wake ɗaya in ta shiga niƙa, ƙanshinta sai ya bi garin gaba ɗaya. Haka mutum ɗaya mai mugun hali ke jawo wa dangi ko unguwa zagi. Masu ɗaukarsa da ma'anar garin mutane ba su yi nisa da manufar ba, sai dai sun rasa hoton da magabata suka zana.

Tun da an taɓo wake, ƙosanmu ma ya yi tafiya. A Gana suna cewa koose, shinkafa da wake kuma waakye, duk daga bakin Hausawan zango. Yarbawa na kiran ƙosai akara, kuma bayin da aka kwashe zuwa Barazil sun tafi da shi. Har yau a birnin Salbado na jihar Bahiya mata masu fararen tufafi suna soya shi da manja a bakin titi, su tsaga shi su cusa jatan lande da yaji, suna kiransa acarajé.