Hukuncin ruwan masana'antar jima da aka tace da ƙwayoyin bakteriya

Tambaya: Malam, ina da lambu a gefen Kogin Challawa, ƙasa da inda masana'antun jima suke zubar da ruwansu. An ce mana yanzu ana tace ruwan da ƙwayoyin bakteriya kafin a sako shi, kuma wasu ranakun yana zuwa garau. Zan iya alwala da shi, in sha, in shayar da latas da alayyafo?

Amsa: Ɗan'uwa, kalmarka ta "wasu ranakun" ita ce ta raba hukuncin gida biyu. Ranar da ruwan ya zo da launi ko warin jima, alwala ba ta inganta da shi. Ranar da launi da ɗanɗano da wari suka gushe sarai, malamanmu na Malikiyya suna da zance biyu, kuma na fi karkata ga cewa ya tsarkaka, kamar yadda Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta zartar a 1398 bayan Hijira game da ruwan ƙazanta da aka tace sosai.

Inda nake jin tsoro shi ne maganar masu cewa duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ya halatta a sha, suna kafa hujja da hadisin rijiyar Buda'a, wata rijiya a Madina da ƙazanta ke faɗawa cikinta, inda Annabi (SAW) ya ce ruwa mai tsarki ne, babu abin da ke najasantar da shi. Wannan kuskure ne, domin hadisin yana magana ne a kan najasa, ita kuwa guba babinta daban ne: abu yana iya zama mai tsarki amma haramun ne a kai shi ciki saboda cutarwa. Bakteriya suna cinye jini da kitse da tsokar da aka kankare daga fata, amma kuromiyam ɗin da ake jima da shi ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Iyakar abin da za su yi masa shi ne su sauya shi zuwa nau'in da ya fi sauƙin guba, sai ya kwanta cikin laka, lakar da injin ban-ruwanka yake zuƙowa zuwa kan ganye. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa, kamar yadda iyaye a Zamfara ba su ga gubar dalma ba a 2010 sai da yara fiye da 400 suka rasu.

Saboda haka kada ka sha, kada ka bai wa iyalinka, kuma ban halatta maka shayar da ganyen da ake ci ɗanye da shi ba har sai awon ɗakin gwaji ya tabbatar da lafiyarsa, domin mai saye a kasuwa ya amince maka ne bai sani ba. Na san abincinka ke nan, ban ɗauki maganar da sauƙi ba. Ku haɗu da maƙwabtan lambu ku kai ruwan da ƙasar a auna, ku shigar da kuka ga hukumar muhalli, ka kuma riƙa tafiya da jarkar ruwan gida. Idan hannuwanka suka fara ƙaiƙayi ko tsagewa, ka bar alwala da shi ko da ya zo garau, ka je asibiti. Wallahu a'alamu.