Annabci ba gado ba ne

Ɗan'uwa, kana tambaya ko a Tsohon Alkawari sai 'ya'yan firistoci kaɗai Allah yake kira su zama annabawa. A'a, ba gado ba ne. Irmiya dai ɗan firist ne daga Anatot, amma Amos makiyayi ne a Tekowa, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Da Amaziya, firist ɗin Betel, ya kore shi, cewa ya yi daga bayan garke Ubangiji ya ɗauko shi.

Abin da na lura a karatuna shi ne, kiran yana tafe da aike mai wuya, shi ya sa wasu suke ja da baya. Musa ya ce bakinsa da nauyi, Irmiya ya ce shi yaro ne. Sai da Ubangiji ya taɓa bakin Irmiya, sannan ya tura shi ga sarakunan Yahuza.