Tsohon babur da baƙar lamba: amsa ga yaron gareji

Ɗana, na karanta saƙonka game da mutumin da ya kawo mana Honda CB250N, wanda aka yi wa rajista a watan Maris na 1981, yana so a tayar masa da shi a kuma maƙala masa baƙar lamba mai rubutun azurfa irin ta da, alhali takardar babur ɗin ta ɓace tun tuni. Ka tambaye ni ko akwai wata lambar tarihi da ake nema wa irin wannan babur a nan Ingila, da kuma inda ya kamata ka fara. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka ɗauki sifana.

A Ingila babu wata lamba ta musamman da hukuma ke bai wa tsohon babur. A Jamus ne ake ƙara harafin H a ƙarshen lambar abin hawan da ya kai shekara 30, jihohin Amurka da dama kuma suna buga wa tsofaffin ababen hawa lamba ta daban. A nan babur yana ci gaba da lambar da aka yi masa rajista da ita, abin da ke sauyawa shi ne matsayinsa a kundin DVLA, hukumar rajistar ababen hawa da ke Swansea. Abin da masu babura ke haɗawa su kira lambar tarihi abubuwa uku ne mabambanta, wato yafe haraji, da yafe MOT, gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, da izinin sanya baƙar lamba, kuma kowane ɗaya da tasa ranar. Mai babur ɗinka ya cancanci biyu na farko, na ukun kuwa, wanda shi ne ya fi ƙwallafa rai a kansa, ba zai samu ba.

Harajin yana bin shekara 40 ne, amma ba a ƙirga su daga ranar da babur ya fito. Kowace ranar 1 ga Afrilu ake matsar da iyakar gaba da shekara guda, shi ya sa daga 1 ga Afrilun 2025 duk abin hawan da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1985 ya shiga ciki. Babur ɗin 1981 ya cancanta tun Afrilun 2022. Sai dai cancanta ba ta sauya komai da kanta, dole mai shi ya je gidan waya da ke karɓar harajin ababen hawa, ya miƙa V5C, wato takardar rajistar babur, da sunansa a kai, ya nemi a mayar da shi rukunin tarihi, su aika Swansea, sabuwar takarda ta dawo masa. Bayan haka ma kowace shekara sai ya sabunta harajin ko da yake ba zai biya ko sisin kwabo ba, kuma inshora tana nan a wuyansa kamar kowa. Ka kuma tambaye shi abin da zai yi da babur ɗin, domin yafewar ba ta shafi wanda ake neman kuɗi da shi ba. Idan kai wa mutane abinci yake niyya, kada ma ya soma.

Gwajin MOT kuma tun 20 ga Mayun 2018 aka ɗauke shi daga abin hawan da ya wuce shekara 40, a nan ana ƙirgawa daga ainihin ranar ƙira ko ranar rajistar farko, da sharaɗin ba a yi masa babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. Mai shi ne ke bayyana hakan da kansa a fom ɗin V112 lokacin sabunta haraji, babu jami'in da ke zuwa ya duba.

Baƙar lambar ce ta fi rikita mutane, kuma ba laifinsu ba ne, don dokar ta sauya fiye da sau ɗaya. Daga 1 ga Janairun 1973 aka wajabta lamba mai ƙyalli, fara a gaba, rawaya a baya. A 2015 aka ɗaure izinin baƙar lamba da rukunin harajin tarihi, sai ya zama kowace shekara sababbin babura na shigowa ciki, har zuwa 1 ga Janairun 2021 da aka tsayar da iyakar cak: sai wanda aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1980, kuma yana cikin rukunin tarihi. Lambar babur ɗin nan tana ƙarewa da W, harafin da aka yi amfani da shi daga Agustan 1980 zuwa Yulin 1981, saboda haka rawaya ce tasa. Da V take ƙarewa, wato Agustan 1979 zuwa Yulin 1980, da sai in ce a nemo shaidar ranar ƙira daga kundin kamfani, domin babur yana iya fitowa daga masana'anta a Japan a 1979, ya yi watanni a jirgin ruwa da shagon dillali kafin a yi masa rajista. Ka faɗa wa mutumin wannan a fili, cikin ladabi, ka sanar da shi cewa lambar da ta saɓa ƙa'ida tana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. A ganina ma baƙar lamba ba ta yi wa babur ɗin 1981 kyau, tunda bai taɓa hawa titi da ita ba a zamaninsa.

Duk waɗannan abubuwa a kan lambar shasi suke tsaye, kuma nan ne aikinka yake. Hukuma ba ruwanta da tanki ko fenti ko kujera, shasi ta sani, shi ne babur a wurinta. Ka juya kan babur ɗin gefe guda, ka duba wuyan shasin inda kan yake juyawa, a nan Honda ke buga lambar. Ka goge maiƙon da tsumma da ɗan fetur, idan tsatsa ta ci wurin ka bi shi a hankali da burushi mai laushin waya, sannan ka haska tocila daga gefe, ba daga gaba ba, don inuwa ta fito da ramin kowane harafi. Idan har yanzu bai fito ba, ka goga alli ka share samansa da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan. Kada ka kusanci wurin da injin gurza ƙarfe ko samfefa mai kaushi, ko da wasa, domin duk wanda ya zo dubawa daga baya ba zai bambance gurzarka ta neman tsabta da gurzar ɓarawo ba. Ka lura ko haruffan a jere suke da zurfi iri ɗaya, ko wurin ya lotsa fiye da kewayensa, ko akwai alamar walda kusa da shi. Ka ɗauki hoto, ka rubuta lambar a katin aiki, ka yi haka nan da lambar inji.

Lambar injin tana da nata labarin a irin wannan babur. A watan Fabrairun 1983 aka rage girman injin da mai koyon tuƙi zai iya hawa daga 250cc zuwa 125cc, farashin masu 250 ya faɗi warwas, da yawa aka jingine su a ɗakunan ajiya, wasu kuma aka cire injinsu aka sa na Honda CB400N mai babban inji, tunda yana zama a shasin ba tare da wahala ba. Idan ka tarar da haka kada hankalinka ya tashi, sauyin da ya wuce shekara 30 ba ya hana yafe gwaji, kuma ƙa'idar ba ta ɗaukar wani girman na inji iri ɗaya a matsayin babban sauyi. Amma dole takarda ta nuna injin da ke jiki, kamfanin inshora ma ya sani.

Batun takardar da ta ɓace mai sauƙi ne idan shasin ya yi daidai. Ka sa lambar rajistar a shafin gwamnati na binciken ababen hawa, kyauta ne, idan ta fito da sunan Honda da shekarar da muke zato, mai shi ya cika fom ɗin V62 ya biya fam 25 a aiko masa da sabuwar V5C. Babur ɗin 1981 kusan tabbas yana cikin kwamfutar DVLA. Waɗanda ke ba da wahala su ne irin BSA Bantam da tsofaffin Triumph da aka ajiye kafin a gama kwashe kundin ƙananan hukumomi zuwa kwamfuta a 1983. Su sai an bi ta fom ɗin V765, da tsohon littafin rajista na kwali ko wata shaida ta wancan zamani, kuma ƙungiyar masu irin babur ɗin da hukuma ta amince da ita, kamar VMCC ta masu tsofaffin babura, ta duba ta sa hannu. Wanda aka shigo da shi daga waje kuma sai an sanar da hukumar haraji ta hanyar NOVA, tsarin sanar da shigowar abin hawa, cikin kwana 14, a samo wasiƙar tabbatar da shekarar ƙira, a cika fom ɗin V55/5, a biya fam 55, sannan a ba shi lambar da ta dace da shekarunsa. Inda aka kasa tabbatar da shekara ko asali, lamba mai farawa da Q ake bayarwa, ita kuwa tana karya darajar babur, kuma galibi tana rufe ƙofar waɗannan sassauci.

Akwai abin da nake so ka riƙe game da yafe gwajin. Dokar ta ɗauke gwaji ne kawai, ba ta ɗauke wajibcin babur ya kasance lafiyayye ba, wanda aka kama da abin hawa mai haɗari ana iya cin sa tarar da ta kai fam 2,500 da maki uku a lasisinsa. Tunda babu mai gwajin da zai duba bayanka, idonka ne na ƙarshe. Tayar da ta shekara ashirin a ajiye tana iya nuna zane mai zurfi alhali robar ta bushe ta ƙeƙashe, don haka ka karanta shekararta a gefenta, ka sauya tiyon birki da mansa, ka ɗaga gaban babur ka juya kan ka ji ko yana sarƙewa a tsakiya. Ni dai duk tsohon babur da ya fita daga hannuna ina ba mai shi shawarar ya kai shi gwajin da kansa, ko sau ɗaya ne bayan gyara, doka ba ta hana ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Yanzu kada ka sayi kayan gyara ko ɗaya, kada kuma ka tura shasin wurin masu fenti sai V5C ta iso kuma lambobinta sun yi daidai da na jikin ƙarfe harafi da harafi. Idan lokacin fentin ya yi, ka rufe lambar da salatif mai kauri da hannunka, ka kuma gaya musu baki da baki, don fentin gari da ake gasawa yana cike ramukan haruffa har su shafe. Ka turo mini hotunan lambobin biyu yau, tare da rasit ko duk wata takardar ciniki da mutumin yake da ita daga wanda ya sayar masa.