Amsa ga mai shirin komawa Zanzibar da kyanwoyi, aku da kayan ɗaki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya da dare, na bari sai da na samu natsuwa don kada in ba ki amsa rabi da rabi. Kin ce kin samu aikin koyarwa na shekara uku a Zanzibar, za ki tafi da yara biyu, kina da kyanwoyi biyu da aku, kuma kina tunanin zuba kayan ɗakinki a kwantena su bi ki ta ruwa. Allah ya sanya alheri, ya sa a je a sa'a. Ni na yi shekara huɗu a Unguja, wato babban tsibirin da birnin yake, daga Kano na tashi kamar ke, kuma da kyanwa na tafi. Shawarata a taƙaice: ki tafi da kyanwoyin, ki bar akun a gida, ki bar kujeru da gado. Ga dalilaina.

Ki fara da takardun kyanwoyin tun yau, kafin ma ki soma ɗaure kaya, domin su ne ba a yi musu gaggawa. Ki kai su wurin likitan dabbobi mai rajista, ya sa musu ɗan guntun na'urar nan mai lambobi 15 da ake cusawa ƙarƙashin fatar wuya, maikurocif, sannan ya yi musu allurar rigakafin haukan kare. Ki lura da jerin: guntun farko, allura daga baya, don lambar ta hau kan katin allurar. Allurar kuma ana so ta kai wata guda kafin ranar tafiya, kada kuma ta wuce shekara. Takardar shaidar lafiya ita ce ta ƙarshe, ana yin ta ne a 'yan kwanakin da za a tashi, idan kika yi ta da wuri sai ta mutu a hannunki. Daga ɓangarenmu akwai izinin fitar da dabba daga sashen likitocin dabbobi na gwamnatin tarayya, kuma jami'an hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, suna filin jirgi, za su nemi ganin takardun.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk da Zanzibar ta haɗe da Tanganyika tun 1964 suka zama Tanzaniya, tana da gwamnatinta da ma'aikatunta. Shige da fice da kwastan na tarayya ne, amma sha'anin dabbobi na tsibirin ne. Saboda haka izinin shigo da kyanwa daga sashen kiwo na Zanzibar za ki nema, kuma wurin aikinki ne ya fi dacewa ya karɓo miki ya turo kafin ki taso. Wannan ne ma ya sa nake ba ki shawara ki sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume. Idan kika sauka Darussalam, kin shiga hannun hukumar babban yankin, sannan ga jirgin ruwa na wajen awa biyu da yara da kaya da kyanwoyi a firgice. Ni Ethiopian na bi, Kano zuwa Addis Ababa, daga nan zuwa Zanzibar. Ki gaya wa kamfanin jirgi da kyanwoyi za ki tafi tun ranar sayen tikiti, don adadin dabbobin da suke ɗauka a jirgi ɗaya ƙayyadadde ne. A yawancin kamfanoni kyanwa da jakarta idan ba su wuce kilo 8 ba za ta iya zama a gabanki ƙarƙashin kujera, kuma fasinja ɗaya dabba ɗaya, don haka ki tambaya yadda za a yi da ta biyun. In ta ƙasan jirgi za ta bi, kejin dole ya zama mai ƙarfi, wanda za ta iya miƙewa tsaye ta juya a ciki. Ki sayo kejin da wuri ki ajiye a falo a buɗe, ki riƙa sa musu abinci a ciki har su ɗauke shi wurin kwana. Kada ki yarda kowa ya ce ki ba su maganin barci, yana taɓa numfashinsu a sama. Tawa ta yi kuka daga Kano har muka ɗaga, da na sa hannu cikin jakar ta ji ɗumina sai ta yi shiru har Addis.

Maganar aku kuwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Idan irin mai ruwan toka da jan wutsiya ne, wanda aka saba gani a gidajenmu, tun farkon 2017 yana cikin rukuni na ɗaya na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, rukunin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ƙetare iyaka da shi yana buƙatar izini daga ƙasar da zai bari da wadda zai shiga, da hujjar cewa ta halal aka same shi. Wanda aka saya a kasuwa shekarun baya ba takarda, ina za ki samo wannan hujjar? Ga kuma murar tsuntsaye da ta sa ƙasashe ke ɗari-ɗari da duk wani tsuntsu daga Najeriya. Abin da nake jiye miki shi ne a ƙwace shi a filin jirgi kina ji kina gani, yara na kuka. Namu wurin Hajiyarmu muka bar shi, kuma ya zame mata abokin hira, har yau yana kwaikwayon sallamarta. Ki nemi wanda akun ya saba da muryarsa ki damƙa masa amana.

Yanzu kayan ɗaki, inda na fi so ki saurare ni, domin nan na yi asara. Mu mutanen Arewa mun san zafi, mun san ƙura, amma ba mu san laima ba. Zafin Zanzibar bai kai na Kano a watan Afrilu ba, da wuya ya wuce digiri 33, sai dai iskar a jiƙe take dare da rana, ga gishirin teku a cikinta. Damina biyu suke yi: babbar, Masika, daga Maris zuwa Mayu, da ƙaramar, Vuli, wajen Nuwamba. A Masikata ta farko na buɗe sif bayan sati biyu na tarar takalman fata da jakunkunan da na sayo a Kurmi duk sun yi fumfuna kore shar. Shaddojin maigida da ke ninke sun yi ɗigo-ɗigo baƙi wanda wanki bai fitar ba. Littattafai suka kumbura, keken ɗinkina ya soma tsatsa. Kujerun da na dage sai an kawo mini su, na aurena, katakon nan ne na garin katako da aka matse, suka sha danshi suka buɗe ta gindi kafin shekara ta zagayo. Kafin su iso ma sai da muka yi wata uku muna zama a tabarma, domin kaya daga Legas ba sa miƙewa kai tsaye, sai an sauke su a wata tashar an sake loda su. Kuɗin dako da na fito da na ajiya da na biya ya isa in yi sabon jere a can har in samu canji.

Kuma ba rasa kayan aka yi a can ba. Kafintocin Zanzibar sun shahara, duk wanda ya ga ƙofofin Mji Mkongwe, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2000, ya san hannunsu. Gadonsu na katako mai nauyi ne, dogo, da sandunan rataya gidan sauro a jikinsa, an yi shi daidai da yanayin wurin. Gidajen haya da yawa ma da kayansu ake bayarwa. Mota kada ki ko fara: su ta hagun titi suke tuƙi, sitiyarinsu a dama. Kayan wuta dai namu suna aiki, soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, ƙarfin wutar ma ɗaya. Idan duk da haka akwai abin da zuciyarki ba za ta iya bari ba, ki aiko shi ta kagon jirgin sama, ki daidaita isowarsa da fitowar takardar izinin zamanki, domin da ita ake neman sassaucin kwastan na kayan amfanin kai, kuma ana so kayan su shigo cikin kwana 90 da isowarki.

Jakunkunanki masu kilo 23 ki cika su da abin da babu a can. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, garin kunu, da muciya da maburgi. Itacen kuka yana can birjik, amma 'ya'yan suke sarrafawa su yi alawar da suke kira ubuyu, ba su san miyar ganyen ba. Ki zuba komai a roba mai murfi, in kin isa ki jefa a firji, in ba haka ba daddawa sati biyu ta yi gashi. Kada ki ƙulla su a baƙar leda, an hana shiga da leda Tanzaniya tun Yunin 2019. Kayan ƙamshi kuwa kada ki wahalar da kanki, garinsu kika zo: kanumfari, kirfa, citta, masoro, duk a kasuwar Darajani. Garin masara na ugali, wato tuwonsu, yana tuwo lafiya lau. Turaren wuta suna da nasu, udi, mai kyau ƙwarai, amma humra ki taho da taki. Ki sa katin rigakafin shawara na kowa a jakar hannu, ana tambayarsa a filin jirgi.

Gida kada ki kama daga nan ta hoto. Ki sauka masauki na sati biyu ki zagaya da dillali, su ma dalali suke ce masa. Ki shiga ɗaki ki shaƙi iskarsa, ki duba gindin bango da bayan sif, ki tambayi maƙwabta ko ruwa yana kwanciya a layin lokacin Masika, ki tambaya rijiya ce ko famfo, akwai tanki ko babu. Ki zaɓi mai tagogi ta ɓangare biyu da raga a jikinsu. Ni a Mbweni na zauna, akwai kuma Kiembe Samaki da Chukwani da Bububu, gwargwadon inda makarantarku take. Ki faɗa wa mai gidan kina da kyanwoyi kafin ki biya, ko da yake ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Mutanen wurin kusan duk Musulmi ne, kuma suna son kyanwa, paka suke kiranta, a tsohon gari ko'ina ka juya suna kwance a dakali. Da kare ne kika ce, da maganar ta bambanta, don 'yan mazhabar Shafi'iyya ne, suna tsananta najasarsa.

Yawan kyanwoyin titin nan shi ne abin da za ki kiyaye. Da yawansu ba allura, ga mura ga ƙuma ga tsutsar ciki, kuma ƙuma a wannan laimar ba ta da lokaci, shekara take yi. Ki sa a yi wa naki aikin hana haihuwa tun a gida su warke kafin tafiya, ki taho da maganin ƙuma na ɗigawa a wuya na wata shida, da abincin da suka saba da shi na wata guda. Idan kun isa ki kulle su a ɗaki ɗaya da tsohon zanenki da kwanonsu, kada su leƙa waje sai bayan sati uku ko huɗu. Tawa kwana biyu ta yi a ƙarƙashin gado ba ta ci komai ba, hankalina ya tashi matuƙa, a na uku na dafa mata ɗan kifi ba gishiri ta fito. Abincinsu kada ki bar shi a tsakar gida, hankakin garin ba su da tsoro ko kaɗan.

Yara kuwa sun fi ki saurin sabawa, cikin wata shida za ki ji suna Swahili da 'yan layi. Ke ma ba zai yi miki wuya ba, kalmomi da yawa kin riga kin san su: dunia, sababu, Alhamisi, sabuni, hatari. Ki koya musu su ce wa babba shikamoo, zai amsa da marahaba, wannan gaisuwar tana buɗe ƙofofi. Sai agogo: su daga fitowar rana suke ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato ƙarfe ɗaya. Duk wanda ya sa miki lokaci, ko likitan dabbobi ko mai kawo gado, ki tambaye shi na Swahili yake nufi ko na Turawa. Kuma suna gabanmu da awa biyu, in za ki kira gida bayan isha'i ki tuna mutanen gida ko magariba ba su yi ba.

Idan kin samu ranar tafiya ki faɗa mini, sai mu ƙirga baya tare mu ga yaushe ya kamata a yi allurar da kowace takarda.