Gilashin bayan 4Runner ya maƙale: a gwada kafin a sayi moto

Wani ɗan'uwa ya rubuto mana daga Columbus ta jihar Ohio a Amurka. Yana da Toyota 4Runner ƙirar 2000, da ita yake kai kaya shagunan 'yan Afirka. Gilashin ƙofar baya, wanda ke sauka da lantarki, ya sauko kamar taki ɗaya ya tsaya cak, ba sama ba ƙasa, ga hunturu ya kama. Wani gareji ya ce a canja moto, wato ƙaramin injin lantarkin da ke motsa gilashin, da ƙarafan ɗaga gilashin gaba ɗaya, kuɗin kuwa ya kusa abin da yake samu a sati. Yayansa da ke Kano kuma ya ce ya turo motar gida kawai, a can gyara ya fi araha. Yana tambaya wanne zai yi.

Malam, Allah ya sauƙaƙe. Kafin maganar gyara akwai abin da ya fi damun mu: kada ka ci gaba da tuƙi da gilashin nan a buɗe, sauran gilasai a rufe, hita a kunne. Idan mota tana gudu iskar bayanta juyowa take yi, ta kwaso hayaƙin salansa ta cusa shi ta wannan kafar. A cikin hayaƙin akwai iskar guba marar wari marar launi, wadda ke farawa da ciwon kai da jiri da gyangyaɗi. Mutumin da ya wuni yana tuƙi zai ɗauka gajiya ce. Idan dole ka fita kafin ka gyara, sauke gilasan gaba kaɗan, ka sa fanka ta riƙa jawo iskar waje da ƙarfi, kuma kada ka ɗauki yara. Leda da salatif suna tare dusar ƙanƙara, amma kada ka dogara da su wajen tare hayaƙi.

Moton gilashi yana mutuwa, amma a wannan motar shi ne na ƙarshe da za a zarga. Gilashin baya na 4Runner ba ya motsi sai wani ƙaramin akwatin kwamfuta da ke cikin ƙofar, abin da makanikai a gida ke kira biren-bos, ya gamsu da wasu sharuɗɗa: ƙofar ta rufu sosai, waifar baya ta koma mazauninta, wuta tana isowa yadda ya kamata. Ɗaya ya kuskure, sai ya hana moto wuta, ko da moton lafiyarsa ƙalau.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Duba maɓallin kulle gilasai da ke ƙofar direba, domin gwiwa ko hannun riga na iya danna shi ba a sani ba. Buɗe ƙofar bayan ka sake rufe ta da ɗan ƙarfi, ka ga ko fitilar da ke nuna ƙofa a buɗe ta mutu a dashbod. Sannan ka dubi waifa. A ƙirar 1996 zuwa 2002 waifar tana sauka daga kan gilashi ta kwanta a jikin ƙofa idan an kashe ta. In ƙanƙara ta riƙe ta a hanya, ko hannunta ya goce, ko makunnin da ke cikin motonta ya yi datti, akwatin zai ɗauka tana kan gilashi, ya ƙi sakin wuta. Kashe makunnin waifar, ka tabbata hannun ya zauna a kan robar da yake kwanciya. Tun da sanyi ake yi, ka shigar da motar wuri mai ɗumi na awa ɗaya ko biyu. Ruwan da ya daskare a cikin hanyar gilashi ya isa ya riƙe shi. Kada ka zuba ruwan zafi a kan gilashi mai sanyi, zai iya tsagewa.

Gilashin yana da makunni biyu, na gaba kusa da direba da kuma ramin makulli a jikin ƙofar baya, inda ake murɗa makulli a riƙe. Gwada duka biyun. Idan ɗaya ya yi aiki ɗaya ya ƙi, moto ya fita daga zargi, matsalar tana ga makunnin da ya ƙi ko wayarsa. Idan duka sun ƙi, kunna fitilar rufin mota, injin a kashe, makulli a kan wuta, ka sa wani ya danna makunni kai kuma ka tsaya a baya ka kasa kunne. Abu huɗu ne za ka iya tararwa. Shiru ɗungum kuma fitila ba ta canja ba: wuta ba ta isa, ko akwatin ya hana. Ƙaramin "ƙas" daga cikin ƙofa ba motsi: rilen akwatin, wato ƙaramin makunnin lantarki da ke sakar wa moto wuta, yana bugawa, saura waya ko moto. Fitila ta dushe lokacin dannawa: moto yana jan wuta amma wani abu ya riƙe gilashin, sai ka saki makunni nan take kada ka ƙona shi. Moto yana kuka gilashi bai motsa ba: haƙoran giya sun cinye, ko igiyar ƙarfe ta tsinke, ko gilashin ya rabu da ƙarfen da yake zaune a kai.

Fis ɗin gilasai mai amfiya 30 ne, kuma idan gilasan ƙofofi suna aiki da wuya a ce shi ne. Duk da haka duba taswirar fis a littafin motar, ka gwada na waifa da na fitilar ciki ma. Wanda ya ƙone a mayar da daidai lambarsa. Kada a naɗa waya a madadinsa, ko a sa wanda ya fi girma. Ta haka ake ƙona mota.

Inda muka fi zargi a motar da ta haura shekara 20 shi ne wayoyin da suka ratso daga rufin mota zuwa cikin ƙofar baya. Ɗaga ƙofar, a sama kusa da hinjin za ka ga wata roba mai lanƙwasa kamar maƙogwaro. Duk buɗewa da rufewa wayoyin cikinta lanƙwashewa suke yi a wuri ɗaya, sanyin Ohio kuma yana busar da rigarsu har ta tsage. Zare bakin robar daga jikin mota, ka tura ta gefe, ka ja kowace waya a hankali da yatsu. Wadda ta tsinke daga ciki za ka ji tana miƙewa kamar danƙo, wata kuma za ka ga koren tsatsa a kan tagullarta. Alamar da ke ƙara nuna nan ne ita ce wasu abubuwan ƙofar su ma su rikice: fitilar lamba, makullin lantarki, waifa, ko wayoyin da ke narkar da raɓa a jikin gilashi. Wata dabara kuma, a riƙe makunni a danne kana motsa robar; in gilashi ya zabura, ka kama ɓarawon.

Gyaransa ba tsada, sai dai yana son haƙuri. Cire kan batir na maras, wato mai alamar ragewa (-). Kada ka haɗa bakin waya biyu a daidai inda ta karye, domin mahaɗin ba ya lanƙwasuwa, zai sake karyewa kafin bazara. Yanke kamar inci 6 zuwa 8, ka sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da tsohuwar, mahaɗi ɗaya ya faɗa cikin rufi ɗaya cikin ƙofa, tsakiyar robar ya zama waya ce lafiyayya. A like da dalma ko a matse da mahaɗi mai kyau, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Yi su ɗaya bayan ɗaya don kada launuka su rikice maka, kuma duk wadda rigarta ta tsage ka canja ta tun da ka riga ka buɗe.

Idan wayoyin lafiya suke, sai a shiga cikin ƙofar. Cire sukurorin madaurin da ake jawo ƙofa da shi, ka ɓamɓare murfin roba na ciki daga gefe. Ƙananan maɓallan roba ne ke riƙe da shi, a sanyi kuma karyewa suke yi, don haka ka tanadi guda goma sababbi. Abin da ke rufe ramukan ƙofar a ƙarƙashinsa ka cire shi a hankali, domin shi ke hana ruwa shigowa, kuma dole ya koma. Yawancin notocin ciki na sifana lamba 10 ne. Bi waya har ka kai ga soket ɗin moto, ka zare shi, ka nemo wayoyi biyu masu kauri da ke shiga moton.

Wannan ne gwajin da ya kamata a yi kafin kowa ya ce a canja moto. Ɗauko wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12 da wayoyi biyu, ka sa fis mai amfiya 20 ko 30 a kan ta fulos, wato mai alamar tarawa (+). Taɓa su a kan bakin moton na daƙiƙa ɗaya. Gilashi zai yi sama ko ƙasa. Idan ka musanya wayoyin zai juya ɗaya ɓangaren. A ɓangaren moto kaɗai za ka sa wutar, soket a zare, in ba haka ba za ka ƙona akwatin. Hannunka kuma ya yi nesa da ƙarafan, suna da ƙarfin datse yatsa. Idan ya tashi, kai shi sama ya rufu ruf, ka bar soket ɗin a zare. Ko ba ka yi komai ba bayan wannan, ka tsira daga hayaƙi da sanyi da ɓarayi, kuma ƙofarka tana buɗuwa sama kamar kullum, aikinka ba zai tsaya ba. Masu ƙirar 1995 zuwa baya ba su da wannan sauƙin, domin tasu ƙofar ƙasa take faɗowa, ba ta buɗuwa sai gilashi ya sauka.

Moton da ya tashi da wutar kai tsaye yana nuna matsalar tana baya da shi. Mayar da soket, ka tura harshen makullin ƙofa da sukudireba har ya kama kamar an rufe, ka sa mita a kan wayoyin biyu wani ya danna makunni. Ya kamata ka ga kusan bolt 12, alamar fulos da maras tana juyawa tsakanin sama da ƙasa. In babu, zare soket ɗin akwatin ka duba koren tsatsa da alamar ruwa, ka kankare inda wayar at, wato wadda ke mayar da wuta jikin mota, ke ɗaure a jikin ƙarfe. Rilen cikin akwatin yana ƙonewa, dalmar ƙafafunsa tana tsagewa. Mai gyaran lantarki zai iya sake like su, ko ka samo akwatin a wurin da ake sayar da kayan tsoffin motoci, mai lamba ɗaya da taka. Ka tuna ka saki harshen makullin kafin ka rufe ƙofa.

Idan kuwa moto ya yi shiru da wutar kai tsaye, ɗan buga jikinsa da bayan sukudireba wuta na kai. In ya farka, gawayin cikinsa ya cinye, ya kusa tafiya, ka yi amfani da farkawar ka rufe gilashin. A nan ne canjin moto ya halatta, kuma moton kaɗai ake saya idan ƙarafan ba su lanƙwashe ba. Hattara a wajen cirewa: regileta, wato ƙarafan ɗaga gilashin, irin mai hannuwan ƙarfe tana da sifirin naɗaɗɗe mai ƙarfi, moton ne ke riƙe da shi. Tokare gilashin da katako ko ka ɗaure shi a sama da salatif mai ƙarfi, ka kafe giyar da noti ko matsi kafin ka kwance moto, don kada hannun ya fizge ya same ka.

Akwai dalilin da ke kashe moto, kuma in ba a kawar da shi ba sabon ma zai bi sahu. Gishirin da ake watsawa a titunan Ohio lokacin hunturu yana bin ruwa ya gangara ta tsohuwar robar bakin gilashi, ya taru a gindin ƙofa. Ƙarfen da gilashi ke zaune a kai ya yi tsatsa ya kumbura, tsohon giris ya daskare kamar sabulu. Zura waya ka buɗe ramukan zubar ruwa da ke ƙasan ƙofar, ka goge tsohon giris, ka shafa farin giris na litiyam a kan giya da hanyoyin ƙarfe, ka fesa man silikon a cikin robar da gilashi ke bi. WD-40 na kwance noti ne, ba ya daɗewa a matsayin mai. Robar bakin gilashi in ta tsattsage a canja ta.

Idan a gidan haya kake, karanta takardar hayarka kafin ka baza sifanoni a wurin ajiye motoci, domin da yawa sun hana gyaran mota a harabarsu, kuma ba ka son takardar gargaɗi a kan abin da za ka iya yi a garejin wani ɗan'uwa. In ka zaɓi komawa wurin makaniki, nemi a rubuta maka ƙiyasin kuɗi kafin a taɓa motar, ka tambaye su ko sun ba moton wuta kai tsaye da abin da suka gani, ka ce kuma a ajiye maka tsoffin kayan da aka cire.

Maganar Yaya kuwa, a gaya masa cikin ladabi cewa wannan motar ba ta turowa ba ce. Jerin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su ya haɗa da motocin da suka wuce shekara 12 da ƙerawa, ƙirar 2000 kuwa ta ninka haka. Ko motar da shekarunta suka dace, sai an gabatar wa kwastam ɗin Amurka asalin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, in akwai bashin banki a kanta kuma sai da takardar amincewar bankin, ga kuɗin jirgi da na fito a tashar Legas. Motar nan ita ce ke kawo abin da kake aikawa gida duk wata. Idan mota Yaya yake buƙata, ku zauna a waya ku tsayar da adadin da za ka riƙa warewa, a saya masa wadda ta riga ta shigo ƙasa da takardunta cikakku, a duba lambar jikinta ta dace da ta takardar kwastam kafin a biya.