Sharar lambu a Ingila bayan hunturu

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki fara share lambun bayan gidanki a Manchesta tunda Maris ya kama. Ki ɗan dakata. Furannin dafodil masu ruwan ɗorawa sun buɗe, tsuntsaye na kuka da asuba, amma sanyin can mayaudari ne, raɓa na iya daskarewa da dare har cikin Mayu.

Ki tsince rassan da iska ta karya, ki tuge ciyawa tun tana ƙarama. Busassun ganye kuwa ki bar su sai zafi ya riƙa kai digiri 10, ƙwari masu amfani na fake a ciki. Tumatir ya zauna a ɗaki sai ƙarshen Mayu. Bara na yi gaggawar fitar da nawa, dare ɗaya ya kwanta.