Tambaya da Amsa: Ƙarancin Baƙaƙen Fata a Shugabancin Makarantun Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji an ce ɗaliban makarantun gwamnati a Amurka yawancinsu yanzu ba fararen fata ba ne, amma shugabanninsu galibi fararen fata ne. Mene ne silar haka, kuma da gyara? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Haka abin yake. Tun 2014 ɗalibai fararen fata suka koma ƙasa da rabi, amma alƙaluman gwamnatin ƙasar na 2020 zuwa 2021 sun nuna kashi 77 cikin ɗari na shugabannin makarantun fararen fata ne, baƙaƙe kuwa kusan kashi 10.

Tushen abin tsoho ne. Bayan da Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954, jihohin kudu sun rufe makarantun baƙaƙe da dama, aka sallami dubban malamai da shugabanninsu ko aka rage musu muƙami.

A yau matsalar tana wurin ƙarin girma. Shugaba ne ke kiran malami gefe ya ce masa ya nemi muƙami, kuma sau da yawa wanda ya saba da shi yake kira. In baƙar fata ya samu kujerar mataimaki, akan ɗora masa ladabtar da ɗalibai kaɗai. Ranar intabiyu sai a tambaye shi manhaja, kasafin kuɗi da sa ido kan koyarwa, abubuwan da ba a taɓa ba shi damar riƙewa ba. Wani bincike a jihar Tekzas ya gano mataimaka baƙaƙe sun fi jira kafin a ɗaga su.

Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana ɗaukar ma'aikaci saboda launinsa, don haka hanyar zaɓen ce za a gyara. A tallata kowane gurbi a fili. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa kafin su tattauna, kada ra'ayin babba ya rinjayi sauran. Mataimaka su riƙa musayar ayyuka duk shekara. Hukumar ilimi ta ƙirga masu nema, waɗanda aka tantance da waɗanda aka naɗa, ta ga matakin da ake zubar da mutane.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne tura sabon shugaba makarantar da ta fi kowace tabarbarewa, babu kuɗi babu mai yi masa jagora. A haɗa shi da gogaggen shugaba aƙalla shekara 2 kafin a auna aikinsa.